Saura mako 8 a yi STAAR: ta ina za a fara shirya 'yan aji 4?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum malamai. Yara 'yan aji 4 ne a jihar Texas ta Amurka, za su zana STAAR, wato jarrabawar da jihar ke yi wa ɗalibai kowace shekara, ta lissafi da ta karatu a watan Afrilu. An ba da shawarar a riƙa yi musu cikakkiyar jarrabawar gwaji kowace Juma'a har ranar ta zo. Anya hakan zai amfane su? Ina neman tsarin da ya fi.

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Malama. Gwaji kowane mako ɓata lokaci ne, don awo ba ya ƙara wa buhu nauyi. Biyu sun isa: ɗaya yanzu, ɗaya idan ya rage mako uku.

Ki sauke tsohuwar jarrabawa daga shafin hukumar ilimi ta jihar, TEA, tare da takardar da ke nuna yadda aka raba tambayoyi bisa manhajar karatu ta jihar, wato TEKS. Kowace tambaya an ɗaure ta da wata gaɓa ta manhajar, kuma wasu gaɓoɓin sun fi fitowa nesa ba kusa ba. Bayan gwajin farko kada ki tsaya ga maki. Ki zana jadawali, sunayen yara a gefe, lambobin tambayoyi a sama, ki rubuta amsar da kowane yaro ya zaɓa. Idan rabin aji sun faɗa kan amsa guda marar daidai, to akwai gurguwar fahimta iri ɗaya, misali ɗaukar 1/8 ya fi 1/4 girma saboda 8 ta fi 4. Wannan sai a sake koyar da aji duka. Idan kuwa kurakuran a warwatse suke, cinke suka yi, sai a ware su rukuni na huɗu ko biyar, minti 20 kullum, gaɓa ɗaya tak a kowane zama.

Ki kuma haɗa tsofaffin darussa da sababbi a aikin ɗumama ƙwaƙwalwa na safe. Yaron da ya yi kwana biyar yana rabawa kawai ba ya koyon gane lokacin da tambaya ke neman rabawa.

Malama Binta:
'Yar'uwa, ki kula da kwamfuta, nan ne ake zubar da maki a banza. Tun 2023 STAAR ta koma intanet, kuma tambayoyin zaɓi ɗaya ba za su wuce kashi 75 cikin ɗari na maki ba. Sauran na jawo abu a ajiye ne, ko zaɓar amsa fiye da ɗaya, ko rubuta lamba da kai. Yaro ya san amsa sarai, amma ya kasa shigar da ita. Ki sa su yi atisaye a dandalin gwaji na hukumar, a kan na'urar da za su yi jarrabawar da ita. 'Yan aji 4 ba sa amfani da kalkuleta, sai wanda aka rubuta masa sassauci, don haka su saba da lissafi a takarda kafin su taɓa allo.

A karatu akwai doguwar amsa mai maki 10. Abin da ke kayar da yara shi ne ba da labarin kansu maimakon kawo hujja daga nassin da suka karanta. Su amsa tambayar a jimlar farko, su kawo hujja biyu daga nassin, su bayyana alaƙarsu da amsar. Kuma da allon madannai za su rubuta, saboda haka minti 10 na buga rubutu sau uku a mako ba asara ba ne.

Malam Sani:
Na manta abu ɗaya. Yaran da ke da tsarin IEP ko 504, wato tsare-tsaren tallafi ga yara masu buƙata ta musamman, da masu koyon Turanci, ki duba sassaucin da aka amince musu tun yanzu, kamar karanta musu tambaya da murya. Dole su saba da shi a aji. Ranar jarrabawa ba ranar gwada sabon abu ba ce.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan yi gwajin farko in zana jadawalin.