"Labarin zuciya a tambayi fuska": har yanzu haka ne?

Tsohon Malami: Jama'a, wannan karin maganar ta tsaya mini a rai. Wani abokina ya rasa aikinsa, bayan wata uku kuma matarsa ta rasu. Duk wanda ya je gaisuwa sai ya dawo yana cewa, "Ai ya dangana, har dariya yake yi." Ashe ya fi wata biyu bai yi barcin kirki ba. To ina labarin da fuskar ta bayar?

Uwar Biyu: Baba, a ganina ba ku yi wa karin maganar adalci ba. Cewa aka yi "a tambayi" fuska, ba a ce a kalle ta a wuce ba. Mai tambaya zama yake yi. Da sun zauna, da sun ga ramar da idon da ya faɗa. Ni bayan haihuwata ta biyu kowa barka yake yi mini, ina murmushi, in sun watse in kama kuka ban san dalili ba. Yayata ce kaɗai ta gane.

Ɗalibar Likitanci: Anti, abin da kuka faɗa sananne ne a asibiti. Abin farin ciki ma nauyi ne. A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amura 43 da kan girgiza rayuwar mutum, suka ba kowanne maki. Mutuwar miji ko mata 100, saki 73, ɗauri a kurkuku 63, kora daga aiki 47. Aure kuwa 50, wato ya fi kora daga aiki! Suka ce wanda makinsa ya kai 300 cikin shekara guda yana cikin babban haɗarin kwanciya ciwo. Abokin Baba ya haɗa 147 da abu biyu kacal.

Mai Gardama: Ƙanwata, ni lissafin nan bai kama hankalina ba. Matar da saki ya raba ta da duka, da wadda aka sake ta alhali tana son mijinta, duk 73? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗalibar Likitanci: Gaskiyarka, Yaya, masana ma sun soki ma'aunin ta nan. Kuma bai kula sosai da damuwar da ba ta da ranar farawa ba, irin bashi, ko jinyar tsoho shekara da shekaru, ko gorin dangi. Irin wannan takan sa jiki ya yi ta fitar da sinadarin kotisol, barci ya lalace, cin abinci ya canza, mutum ya riƙa mantuwa da saurin fushi. Jiki magayi. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako biyu kusan kullum, ganin likita ya kama.

Mai Gardama: To ashe haƙuri ba shi ne maganin zaman duniya ba ke nan?

Uwar Biyu: Kai dai da neman magana. Haƙuri daban, ƙunshe ciwo daban. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Ɗalibar Likitanci: Akwai binciken da wasu masana biyu, George Brown da Tirril Harris, suka wallafa a 1978 kan matan wata unguwa a Landan. Cikin waɗanda babban tashin hankali ya auka wa, masu wanda suke buɗe wa ciki ba su faɗa ciwon damuwa kamar marasa shi ba.

Tsohon Malami: 'Yata, kin ɗaure ni. Sau huɗu na je wurin abokin nan nawa, duk a cikin taro, kuma kullum "ya ƙarin haƙuri?" nake cewa, shi kuma ya ce "da godiya." Gobe zan koma ni kaɗai. Amma ku faɗa mini, da wace magana zan fara?