Neman shawara: yadda zan koyar da halayen kayayyaki ta hanyar haɗa mazubin kare ƙwai

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a aji 4 na firamare, yara 54. Mun zo kan halayen kayayyaki: tauri, laushi, shan ruwa, lanƙwasuwa. Ina so yara su haɗa mazubin da zai kare ƙwai idan ya faɗi, ba su kwafi bayani daga allo kawai ba. Ta ina zan fara, kuma da wane kaya, tunda babu kuɗin saye?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki fara da sakin ƙwai. Yara za su yi murna, amma ba wanda zai iya faɗa miki abin da ya sa na wani rukuni ya tsira. Darasin farko na gwada kayan ne ɗaya bayan ɗaya. Ki raba su rukuni 9, shida-shida. Kowane rukuni ya samu kwali, tsohuwar jarida, leda, tsumma, auduga da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi. Masu faɗi a yanka su girma ɗaya, santimita 10 kowane gefe.

Gwajin ruwa, a zuba cokalin shayi ɗaya a kan kowanne, a jira minti 2, a ɗaga a duba ƙasa. Leda za ta hana ruwa wucewa, tsumma zai shanye, jarida za ta jiƙe ta yage. Na laushi, a saki guntun alli daga tsayin santimita 50 a kan kowanne, a duba ko ya karye. Na ƙarfi, a naɗe kayan kamar bututu, a tsayar, a riƙa ɗora littafi ɗaya bayan ɗaya har ya durƙushe. Nan ki nuna musu cikin kwalin: idan ramukan nan na tsakiya suna tsaye ya fi ɗaukar nauyi, idan suna kwance nan da nan yake lanƙwashewa. Duk abin da suka gani su rubuta a jadawali, domin da shi za su zaɓi kaya a darasi na biyu.

Wata malama: Na yarda da Malam, sai dai batun ƙwai. Rukuni 9, kowanne gwaji biyu, ƙwai 18 ke nan, ga kuɗi ga ɓarnar abinci. Ki yi gwajin farko da biskit mai saurin karyewa, iri ɗaya ga kowa. Ƙwai sai a zagayen ƙarshe, kuma a saka shi cikin ƙaramar leda a ɗaure tukuna, yara su wanke hannu da sabulu bayan nan. Kada a haɗa ƙwan zabi da na kaza. Ɓawon na zabi ya fi kauri, gwajin ba zai zama na adalci ba. Reza kuma kada ta shiga ajin, ke za ki yanka kwalin tun kafin darasi.

Malamin fasaha: Malama, ga inda aikin yake lalacewa. Mafi yawa ƙwan yana yawo a cikin mazubin, sai ya bugi bangon kwalin daga ciki ya fashe. Kafin a saki, a girgiza kusa da kunne. In an ji motsi, a ƙara ciko. Wasu kuma danne audugar suke yi har ta zama dunƙule, alhali iskar da ke cikinta ce ke aikin. Abu mai laushi yana lotsewa a hankali, ƙwan ya tsaya sannu-sannu maimakon lokaci guda, bugun kuma ya bazu a jikinsa duka. Shi ya sa cukurkuɗaɗɗiyar jarida ta fi shimfiɗaɗɗiya nesa ba kusa ba. A bar ciko kamar santimita 3 ta kowane gefe, har sama, saboda mazubi yakan juya kafin ya kai ƙasa.

Ki ja layi da alli a bango daidai mita 1. Mutum ɗaya ne zai riƙa saki, ba jifa ba, a kan daɓe ɗaya. Wanda ya tsira a ƙara masa santimita 50. Ki ƙayyade salatif, mita 1 ga kowane rukuni, in ba haka ba za su naɗe komai da shi, halin kayan ya ɓace.

Wata malama: Ƙari kaɗan. Wanda nasa ya fashe a ba shi damar gyara, amma abu ɗaya tak zai canza, ya faɗi dalili kafin a sake saki. Maki kuma ki ba da shi a kan dalilin: "mun sa kwali a waje don yana da tauri, ɓuntu a ciki don yana lotsewa, leda a sama don ruwa." Yaron da ya iya faɗin haka ya gane darasin ko da ƙwansa ya fashe. Aikin gida, su duba kiret ɗin mai sayar da ƙwai a unguwarsu, su zana shi, su faɗi amfanin ramukansa.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Idan ba mu samu ɓuntu ba fa?

Malamin fasaha: Garin katako daga wurin kafinta zai yi, amma busasshe, kuma a tankaɗe shi saboda ƙusa. Jiƙaƙƙe yana dunƙulewa, ga shi yana sa kwalin ya yi laushi.