Neman Shawara: Birkin Baya Na MGB Yana Riƙe Taya Ɗaya

Assalamu alaikum, masana harkar mota. Ina da tsohuwar mota MGB ƙirar Ingila, ta shekarar 1972, wadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuma birkinta na baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Kamar yadda aka sani, birkin gabanta na faifai ne, na bayanta kuwa na duram ne, wato gangar ƙarfen da ke juyawa tare da taya.

Da safe tana tafiya lafiya lau, amma idan na tashi daga Unguwar Rimi, kafin in kai Kawo tayar baya ta hagu ta fara riƙewa, duram ɗin ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, ga warin ƙonewa. Idan ta huce sai ta saki da kanta.

Na sa an canza lainin (abin da ke matse duram idan an taka birki) da silindar birkin wannan ɓangaren, an zuba sabon man birki, an fitar da iska, an kuma sassauta abin saiti na bayan farantin da lainin ke zaune a kansa. Makanikena ya dage cewa tiyon roba ne ya toshe daga ciki, amma ban gamsu ba, domin tiyo ɗaya ne ke kai mai ga tayoyin baya duka biyu, kuma ta dama ba ta taɓa zafi ba. Ni dai wayar birkin hannu nake zargi, ko sifirin da ke mayar da lainin ya yi laushi.

Don Allah, wace hanya zan bi in bambance tsakanin matsalar wayar da ta sifirin kafin in sake kashe kuɗi a kasuwar Panteka ta Kaduna?