Kuɗin da na ba Mukaddaminmu aro ne, shi kuma ya kira shi hadiyya

Tela Bawan Allah: Assalamu alaikum ahbabu. Admin don Allah a bar wannan rubutu, ban zo cin mutuncin kowa ba, ba kuma zan ambaci suna ko unguwa ba.

Ni tela ne a Kano. Na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a 2016, shekarar da mahaifina ya rasu, a hannun wani mukaddami da zawiyyarsa ke bayan shagona. Wallahi bawan Allahn nan ya riƙe ni riƙon ɗa. A gabansa na sauke Ahalari da Ishmawi, shi ya gyara mini lazimi, wato wuridin safe da yamma, shi ya karɓa mini aure da baffana ya ƙi zuwa saboda wata rigimar gado da ba zan shiga ba yanzu, shi ya yi wa ɗana huɗuba. Ni ma ban gaza ba. Ni ke share zawiyya, ni ke shimfiɗa farin ƙyalle idan an zo Jauharatul Kamali a wazifa, kayan sallarsa da na 'ya'yansa kuwa ban taɓa karɓar ko sisi na ɗinki ba, wani lokaci har shaddar ni nake sayowa a Kantin Kwari.

Bara da damina iska ta yaye kwanon zawiyya. Bayan wazifa Malam ya riƙe hannuna muka koma gefe, muka yi magana, na ba shi N700,000 cikin kuɗin da nake tarawa don sayen injin surfani. A fahimtata aro ne zuwa kaka. Aka yi rufi. Ranar Mauludi sai na ji ya faɗa a lasifika wai na yi wa zawiyya hadiyya, jama'a suka ɗauki kabbara ana ta shafa kaina. Yanzu mai shago ya ba ni wa'adin kuɗin haya. Ina tsoron in tambaya ya zama su'ul adabi, wato rashin ladabi ga shehi, madadi (albarkar da ke zuwa ta hannunsa) ya yanke. Yaya zan yi?

Ummu Fatihi: Allah ya kawo mafita. Ina biye.

Ɗan Faila Na Asali: Sidi, ka fara da istigfari kan wannan rubutu. Muridi a hannun shehinsa kamar gawa yake a hannun mai wanka, duk littattafan tarbiyya a kan haka suke. Gawa tana bin bashi? Ranar da ka miƙa hannu aka ba ka izini ka miƙa har da aljihunka. Tun da Failar Shehu Ibrahim Inyass ta bayyana a Kaulaha ta Senegal a 1929 mutane ke barin gona da kasuwa su tafi hidima, ba wanda ya dawo da takardar lissafi. Kai an ɗaga sunanka a gaban zakirai ranar haihuwar Ma'aiki (SAW), kana maganar inji. Ka yi shiru, za ka ga buɗi.

Malamin Islamiyya: Sayyadi Ɗan Faila, a yi a hankali. Shehu Ahmad Tijjani da kansa ya ce idan an ji magana daga gare shi a auna ta da ma'aunin shari'a, in ta dace a ɗauka, in ta saɓa a bari. To in maganar mai ɗariƙar ana auna ta, ina ga mukaddamin unguwa? Sharuɗɗan da ake karanta wa mai karɓa sanannu ne: kada ya haɗa da wuridin wata ɗariƙa, kada ya bar wuridi har mutuwa, kada ya ziyarci wasu waliyyai don neman madadi, ya kiyaye salla, ya bi iyaye. Dukiyar muridi ba ta halatta da waɗannan. Annabi (SAW) ya ari ɗan raƙumi, da lokacin biya ya yi ya bayar da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane wanda ya fi kyautata biya. Ladabi ta ɓangare biyu yake, shi ma shehi an ɗora masa kamewa daga abin hannun almajiransa. Amma Malam Tela ka bar mana giɓi. Me ainihin ya faɗa maka a gefen? An rubuta, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta ce? Akwai shaida?

Tela Bawan Allah: Malam, yaya zan ce wa wanda ya karɓa mini aure ya sa hannu a takarda? Ba a haka muke da shi ba. Abin da ya ce shi ne, "Ka taimaka mana da abin da ke hannunka, da kaka Allah zai mayar maka." Kowa ya san in an ce da kaka, ana nufin in an sayar da amfanin gona, kuma Malam yana da gona.

Maman Khalifa: "Allah zai mayar maka." Hmm. Wannan kalma na san ta. Maigidana shekara da shekaru duk abin da ya samu sai ya kai hadiyya, ranar da ɗana ya kwanta zazzaɓi ni na sayar da tukunyata ta biki na sayi magani. In na yi magana a ce ni ce hijabin da ke tsakaninsa da fatahi, wato buɗin sanin Allah. Ni ma 'yar ɗariƙa ce, ubana mukaddami ne, amma shi in almajiri ya kawo masa abu sai ya tambaya, ka bar wa gida cefane? In ya yi shiru sai ya mayar masa da rabi. Irinsu sun ƙare. Yanzu sai mota da rawani.

Ɗan Faila Na Asali: Hajiya, matsalar gidanki daban. Ku je ku karanta Suratul Kahfi daga aya ta 60. Annabi Musa da ya bi Halliru ya ga an huda jirgi ya yi magana, ya ga an kashe yaro ya yi magana, a ta uku aka ce nan ce rabuwarmu. Shi ke nan abin da tambaya take jawowa. Sayyidina Abubakar ya kawo dukiyarsa kaf, aka ce me ka bar wa iyalinka, ya ce Allah da ManzonSa. Wa ya san sirrin da Malam ya gani a kuɗin nan? Wataƙila wata musiba aka tare masa da su.

Malamin Islamiyya: Sayyidina Abubakar da bakinsa ya bayar, ba aro aka karɓa aka sauya masa suna a lasifika ba. Halliru kuwa Alƙur'ani ya ce ba da ra'ayinsa ya aikata ba. Mukaddamin yana samun irin wannan umarni ne?

Ahlus Sunna 100%: Ga irinta nan. Mun daɗe muna gaya muku.

Admin: Malam, nan zauren 'yan'uwa ne, an sha gaya maka. In ka ƙara zan cire ka.

Baban Zakiru, Damagaram: Ɗan'uwa, ni shawarata kada ka tunkare shi kai tsaye. Kowane mukaddami akwai wanda ya ba shi izinin taƙadimi, wato na zama mukaddami. Ka samu wannan dattijon, ko wani babba da Malam ke jin nauyinsa, ka gaya masa a keɓe. Yana iya yiwuwa shi ma da gaske hadiyya ya ɗauka, tunda kalmar da ya faɗa tana ɗaukar fuska biyu. Maganar yankewar madadi kuma, wuridin na Shehu Tijjani ne, mukaddami mai isarwa ne. In zama ya gagara kana iya jaddada izini a hannun wani. Mu a nan da namu ya rasu haka muka yi, ba abin da ya same mu.

Tela Bawan Allah: Sayyadi, ni ban ce zan bar Malam ba, don Allah kada a juya mini magana. Shehinsa kuma ya rasu, ɗansa ne halifa, kuma abokin Malam ne na ƙut da ƙut, kafin in isa gida labari ya riga ni. Abin da ya sa na matsu, N300,000 a ciki na mai ɗakina ne, 'yan kunnenta na gwal ta sayar don mu haɗa mu sayi injin. Ita ke tambaya kullum.

Maman Khalifa: Innalillahi! Sai yanzu kake faɗa? Ta san ka bayar?

Tela Bawan Allah: Ta sani daga baya. Ai lokacin ruwa na zuba a kan littattafai, ba lokacin shawara ba ne. Ko ita ce a wurin da ta bayar.

Malamin Islamiyya: To hukunci ya sauya. Naka kana iya yafewa, nata ba ka da iko a kansa. Ko Malam ya biya ko bai biya ba, ita kai take bi.

Ɗan Faila Na Asali: Matar muridi ai tana cikin albarkar. Ka sa ta riƙe Salatul Fatihi, zuciyarta za ta sanyaya. Sidi ka bar sauraron masu ilimin takarda, ka turo mini lambarka ta akwatin sirri in ba ka wani abu da za ka riƙa yi bayan lazimin safe.

Ummu Fatihi: Ni dai da ka je gaishe shi da daddare, ka ce Malam haya ta taso kuma kuɗin iyali na ciki, ka yi shiru. Ba sai ka ce aro ba.

Tela Bawan Allah: Na gode duka. Amma ba ku san Malam ba, in ya ji an sa mace a maganar zai ga kamar ita ke juya ni. Zan roƙi mai shago ya ƙara mini lokaci zuwa bayan Mauludin Shehu Ibrahim na Rajab, lokacin baƙi na kawo wa zawiyya abu, wataƙila ya tuna da kansa.

Baban Zakiru, Damagaram: In bai tuna ba fa?

Sabon Mamba: Salam, don Allah mai rubutu injin surfanin wane iri kake nema? Akwai na hannu a wurin yayana, mai kai biyu, farashi da sauƙi.