Charger ta 1969 a garejin maƙwabcina: in saya ko in haƙura?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani dattijo maƙwabcina a nan Columbus ta jihar Ohio zai rabu da motarsa Dodge Charger ƙirar 1969, ya ce R/T ce, wato samfurin mai babban inji. Ta daɗe a gareji ba a tayar da ita ba, tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun yi gida a kujerar baya. Wallahi ta shiga raina. Ku ba ni shawara.

Ɗan Zongo: Wa alaikumussalam Yaya. Kafin a zo maganar kuɗi, leƙa lambar casis ta jikin dashbod. R/T ta gaskiya da XS29 take farawa, sai harafin injin ya biyo: L na 440 Magnum ne mai ƙarfin doki 375, J kuma na 426 Hemi mai 425. In ka ga XP29, gama-garin Charger ce aka manna wa tambari, kuɗinta ma daban ne.

Oga Bakanike: Ni injin bai dame ni ba, ana tayar da 440 ko da ya ƙame. Tsatsa ce abin tsoro. Gishirin da ake watsawa a titunan Ohio lokacin ƙanƙara shi ke cinye motocin nan, ga shi bodinta da ƙashinta a haɗe suke, ba a ɗage ɗaya daga ɗaya. Ɗauki tocila ka kwanta a ƙarƙashinta. Ka zunguri dogayen ƙarafan baya da sukundireba, ka ɗaga shimfiɗar but, ka duba gindin gilashin baya inda ruwa ke kwanciya. Sai ka bi gefen tayoyin baya da maganaɗisu. Duk inda ya ƙi kamawa, fila aka cika aka rufe da fenti. Gwangwanin waje ana samun sabo a wurin AMD, kamfanin da ke yin sassan bodin tsofaffin motoci. In ƙashin ne ya ruɓe, walda kaɗai za ta cinye maka kuɗin wata motar.

Maman Ummi: Abban Khalifa, ka yi shawara da uwargida tukuna. Aikin nan na shekaru ne, kuma kullum da abin da za a ce a sayo.

Alhaji na Detroit: Ɗana, Hajiya ta faɗi gaskiya. Kada farashin gwanjon Mecum da Barrett-Jackson ya ruɗe ka, waɗancan motoci ne masu injinsu na asali da cikakkun takardu. Ka gwada lambar da aka buga a jikin injin da ta casis, ka nemi ɗan ƙarfen bayanai da ke cikin bonet. Kuma ban yarda a fara da kwance ta ba, nan ne yawancin mutane ke maƙalewa. A wanke tankin mai, a sake tiyo da birki, a gyara kabireta, ka hau ta da tsohon fentinta ka ji ko son yana nan.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai. Na dawo daga can yanzu, XS29L ce! Amma ƙasan but ya huje, ina hango siminti.

Oga Bakanike: Wannan mai sauƙi ne. Kada ka ba da ko sisi sai ya nuna maka takardar mallaka da sunansa. Turo hoton ƙarafan baya, na hagu da na dama.