Wa ke yanka farashin tayi da na sallamawa a kasuwar hannun jari?

Sani: Ni fa har yanzu ina kan bakata. Lambobin nan biyu da muke gani a allo, na tayi da na sallamawa, manyan dillalai ne ke zama su yanka su. Mu ƙanana sai dai mu bi.

Hajiya Rabi: A'a Malam Sani. Jerin oda ne kawai. Masu son saye kowa ya rubuta abin da zai biya, mafi tsoka shi ne tayin da kake gani. Masu sayarwa ma haka, mafi araha a cikinsu shi ke fitowa. A ce tayi dala 50.00 ne, sallamawa 50.05. Ka sa odar saye a 50.02, nan take naka ya hau sama. Kai da kanka ka sauya lambar.

Sani: To wa ke cin tazarar da ke tsakani, ranki ya daɗe?

Hajiya Rabi: Wanda ya tsaya a ɓangarorin biyu, yana saye yana sayarwa. Ladan kasadarsa ce. Idan ya saya farashi ya rikito kafin ya rabu da kayan, shi zai kwana ciki. Shi ya sa hannun jarin da ake ciniki kullum tazararsa ba ta wuce santi ɗaya ko biyu, wanda ba ya motsi kuwa sai ta yi faɗi.

Bala: Hajiya, kada mu wanke su tas. A 1994 wasu malaman jami'a biyu, William Christie da Paul Schultz, sun lura dillalan Nasdaq, wata kasuwar hannun jari ta Amurka, na tsallake rabin matakan farashi. Lokacin ana ƙirga da kashi ɗaya bisa takwas na dala, amma a manyan kamfanoni da yawa ba ka ganin 1/8 ko 3/8, sai dai 1/4 da 1/2. Ke nan tazarar ba ta sauka ƙasa da kwata. Da labarin ya fita jaridu, sai ga ta ta tsuke. A 1996 ma'aikatar shari'ar Amurka ta sasanta da kamfanoni 24 kan zancen.

Sani: Kun ji ko! Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hajiya Rabi: Sun yi, ban musa ba. Amma me ya sa suka iya? Odar ƙaramin mai saye ba dole ta bayyana a allo ba a lokacin. An gyara wannan a 1997, sannan a 2001 aka koma ƙirga da santi.

Bala: Yanzu kuma kwamfutoci ne ke sa oda su janye kafin ka ƙifta ido.

Sani: Ashe dai dillalan ne, riga suka sauya.

Hajiya Rabi: Sa oda mai iyakar farashi, wato wadda kai za ka rubuta abin da za ka biya, gobe da safe, ka turo mana hoton allon.