Koya wa doki zamiya da tsayuwa a bayansa: daga ina ake farawa?

Ɗan Barga: Assalamu alaikum ma'abota dawaki. A jahin Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ta fadar Sarkin Kano za ka ga doki ya taho a sukwane ya yi zamiya cak, wani mahayin ma har ya miƙe tsaye a kan sirdi. Ingarma mai shekara 3 ya isa wannan horon? Kuma sai da linzami mai zobe?

Mai Turke: Wa'alaikumussalam. Malam, ka yi masa haƙuri. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, zamiya kuwa a kan gadon baya da gaɓoɓin ƙafafun baya take sauka. Yanzu lokacin koyon tsayawa ne kawai, kuma daga tafiya ake farawa. Ka zauna daram cikin sirdi, ka faɗi kalma ɗaya wadda ba za ka sauya ba, sannan ka ɗan ja kamazuru, wato igiyar linzami. Yana tsayawa ka saki nan take, ka shafa wuyansa. Sakin nan shi ne ladansa, kuma da shi yake gane abin da kake so. Idan ya tsaya ka ci gaba da ja, ka koya masa cewa tsayawar ba ta da amfani, daga nan sai tabarya, wato ɗaga ƙafafun gaba sama, da tutsu. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa. Sai ya riƙa tsayawa da murya kaɗai a tafiya da sassarfa kafin a kai ga sukuwa.

Zancen linzami, ni ban yarda da mai zobe a bakin ɗan koyo ba. Zoben yana matse haɓa, ƙarfen yana dukan ganɗa, fizga ɗaya sai jini. Dokin da bakinsa ya taɓa fashewa da wuya ya sake sakin jiki da hannun mahayi.

Na Shamaki: Gaskiya ne yallaɓai, sai dai ranar hawa cikin cunkoso da ƙarar bindiga da kakaki, mutane da yawa ba za su hau ingarma da linzami mai laushi ba. Idan dole ne, a sa mai zoben bayan horo ya kammala, a riƙe da yatsu. Ƙarar ma sabo ake yi masa: a buga ganga daga nesa yana cin harawa, kullum a matso kaɗan. Kuma kada a yi zamiya a kan kwalta, kofato zamewa yake yi. Rairayi mai laushi, ba mai zurfi ba.

Hajiyar Dawaki: Tsayuwa a sirdi ba aikin mutum ɗaya ba ne. Masu wasan alkafura kan doki a Turai wani ne ke tsayawa tsakiya da doguwar igiya, dokin yana kewaya da'ira mai faɗin kamar mita 15, shi mai wasan ba ya taɓa linzami. Ka ɗauki wannan. Fara da durƙuso dokin yana tsaye, sannan yana tafiya, sai daga baya ka miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a gaba, ba takalmi mai tauri. Kada ka taka bayan sirdi wajen ƙugu, nan babu haƙarƙarin da zai ɗauki nauyi. Kada kuma ka dogara da kamazuru don daidaita jikinka, da ka yi tangaɗi bakinsa ne zai biya.

Majayi, wato ɗaurin da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, yakan kayar da mutane idan ya yi sako-sako. Doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri, don haka a ɗaure sannu, a ja shi taku kaɗan, a ƙara matsewa, a sake dubawa bayan minti 10. Ka koyi zare ƙafa daga likkafa kafin komai.

Mai Turke: Ƙari ɗaya: wanda zai hau shi ya riƙa ba shi abinci da ruwa yana goge masa jiki da kansa. Ta nan yake sanin muryarka, kai kuma ka gane ranar da ba ya jin daɗi. Idan ka ɗora sirdi ya kwantar da kunnuwa baya ko ya lotsa bayansa, sauke ka lalubi miki ko kumburi. A ranar babu wasa.